Waƙar shekara da ba ta taɓa hawa na ɗaya ba

Jama'a, wani abu game da jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, wato jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe kowane mako, da ke rikita mutane. A 2021, "Butter" ta BTS ta yi mako 10 tana kan gaba, "Drivers License" ta Olivia Rodrigo mako 8. Amma da aka rufe lissafin shekara, "Levitating" ta Dua Lipa ce ta ɗauki kambun, alhali ko sau ɗaya ba ta wuce matsayi na 2 ba.

Ga dalili. Kowane mako, daga Juma'a zuwa Alhamis, ana haɗa abu uku: sauraro a intanet, sanyawa a gidajen rediyo, da saye. Masoya BTS sun yi ta saye da gayya, wannan ya riƙe "Butter" a sama, amma da cinikin ya lafa sai ta faɗo da sauri. Ita kuwa "Levitating" rediyo ya riƙe ta, ta yi wata da watanni cikin goman farko, maki na taruwa.

Kuma a 2021 shekarar jadawalin a Nuwamba ta rufe, don haka waƙar da ta fito a makare ta yi asarar makonni tun kafin a fara ƙirga.