Kwana goma a jirgin Kawu a Yauri

Ranar farko da na shiga kwalekwalen Kawu, ban san ba a miƙewa tsaye a tsakiyarsa ba. Ina tashi ya karkata, ruwa ya kwararo ciki har idon sawu. Kawu bai yi faɗa ba, ƙwarya kawai ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, zauna ka kwashe abin da ka ɗebo."

Jirgin na mahaifinsa ne. Gungumen maɗaci guda aka fafe da gizago, har yau sawun sara na nan a cikinsa, in ka shafa za ka ji shi layi-layi. Irin wannan aiki ya daɗe a ƙasarmu fiye da yadda muke zato. Kwalekwalen Dufuna da wani Bafulatani ya tarar yana haƙa rijiya a Yobe a 1987 ya kai kusan shekara 8,000, kuma shi ma itace guda aka fafe. Yanzu manyan maɗatai sun yi wuya, yawancin jiragen bakin kogi katako ne ake harhaɗawa da ƙusa.

Da asuba muke tuƙawa sama, mu bi gefe inda ruwa ba shi da ƙarfi, Kawu na tokarawa da gwangwala. In mun isa sai mu shiga tsakiya, ya saki raga, mu bar kogin Kwara ya ɗauke mu. A nan na fi shan wahala. Ni gani nake dole sai na yi ta buga filafili, shi kuwa nasa yana cikin ruwa kamar bai motsa shi ba, ɗan juya wuyan hannu kawai yake yi, kan jirgi ya daidaita. Sai a kwana na huɗu na gane cewa ƙarar filafilina ce ke korar kifi, gajiyar da nake yi kuma ta banza ce. Ranar muka kama tarwaɗa da ƙarfasa, da giwan ruwa ɗaya da ya kusa tsawon hannuna.

Kawu yakan nuna mini wuraren da ya ce da tsibirai ne, kafin a gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya ci su, aka tashi Gungawa, mazauna tsibiran, aka mayar da su tudu. Ni shimfiɗar ruwa kawai nake gani.

Babban kuskurena ya zo ne da Kawu ya tafi ta'aziyya kwana uku. Na ja jirgin kan yashi, wai ina kiyaye shi daga ruɓewa. Rana ta buge shi, ya tsage ta gefe, tsagar ta kai taki guda. Da ya dawo ya daɗe yana shafa wurin bai ce komai ba, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

"Kawu, a yafe mini."

"Jirgi a ruwa yake kwana, ɗana. Kawo tsumma."

Muka cusa auduga da tsumma a tsagar da bakin wuƙa, muka narka kwalta muka shafe, sannan muka nutsar da shi a ruwa kwana biyu don itacen ya kumbura ya matse. Ran da muka fito da shi, ni ya ba filafilin baya.