Sifilin da na rubuta wa yaran ruga

Har yau in na tuna taron nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekarata ta biyu ke nan da zama hedimasta a wata firamaren gwamnati a karkarar Jigawa, ina ji da kaina. Fom ɗin ƙidayar makarantu da muke cikewa duk shekara yawan maza da mata yake nema, aji-aji. Ni kuwa na ce sai na zurfafa: zan raba sakamakon jarrabawar zango na uku bisa inda yaro ya fito. 'Yan cikin gari daban, 'yan unguwannin gefe daban, yaran rugagen Fulani masu tako ƙafa daga bayan fadama daban.

Na tattara takardun maki, na ari kwamfutar ƙanena, na kwana biyu ina shigarwa a manhajar lissafi ta Excel. A nan na tafka ta. In yaro bai zo jarrabawa ba, wani malamin layi yake ja, wani ya rubuta sifili. Ni wai don aiki ya yi tsaf sai na mayar da su duka sifili. Ashe in ka bar gurbi babu komai, Excel ba ya sa shi a lissafin matsakaici, in ka sa sifili kuwa ya ɗauka yaron ya zauna ya rubuta bai ci ko ɗaya ba. Sakamako ya fito, yaran ruga can ƙasa. Ban yi mamaki ba, kuma rashin mamakin nan shi ya cuce ni, don abin da na riga na sa a raina ne kwamfuta ta maimaita mini.

Ranar taron iyaye da malamai na zana komai da alli a allo, ga dagaci, ga masu unguwanni, ga Arɗo a gefe da sandarsa. Da bakina na ce yaran ruga ne ke ja mana makaranta baya. Arɗo bai tanka ba sai da na gama. Ya ce, "Malam, mun ji. Tunda namu ne nauyin, za mu sauke maka." Na ɗauka fushi ne na rana ɗaya.

Aka dawo hutu a Satumba, babu ɗayansu.

Malamar aji huɗu ce ta same ni a ofis, rajista a hannunta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar da ka sa ta ƙarshe a lissafi ita nake tayarwa ta gyara wa 'yan aji a allo. Duba ranar da aka yi jarrabawar." Na duba. Talata ce, ranar kasuwarmu. 'Yan matan ruga suna can da ƙwaryar nono a ka. Mazan kuma Yuli ne, damina ta zauna, ko'ina shuka, shanu ba sa fita sai da mai tsaronsu, in ba haka ba su afka gonar mutane a kwana a gaban alƙali. Jadawalin jarrabawar kuwa ni na tsara shi da hannuna.

A daren na cire sifilin ƙaryan nan na sake lissafi. A darasin lissafi yaran ruga ba su bar wa 'yan gari komai ba. Yarinyar da ta saba ba da canji a kasuwa ba tara da ɗebewa ne za su kayar da ita ba. A karatun Hausa da Turanci kam suna baya a ƙananan azuzuwa, kuma da dalili: yaro ya zo aji ɗaya da Fulatanci a bakinsa, Hausar da muke koyarwa da ita harshe na biyu ce gare shi, Turanci na uku. Zuwa aji biyar tazarar ta ragu sosai. Da na jera maki kusa da rajista sai ainihin rabon ya bayyana, tsakanin masu zuwa kullum da masu fashi, ko daga ina suke. 'Yan tallan cikin gari, da yaran da sai an tashi makarantar allo suke shigowa bayan an ci rabin darasin farko, su ma suna ƙasan. Su ban kira sunansu a taro ba.

Abin da ya fi ci mini rai, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun nan kyauta ne kuma dole, an kuma kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, amma iyayen nan ba doka ce ta kawo su ba. Babu makarantar makiyaya kusa da su, da kansu suka zaɓi turo mana 'ya'yansu, ni kuma na kore su da alli.

Sau uku ina zuwa rugar da goro a aljihu. A na uku Arɗo ya ce, "Malam, a gaban jama'a ka faɗa, a gaban jama'a za ka gyara." Na sake kiran taro, na tsaya gaban allon nan na ce kuskurena ne, na nuna inda sifilin ya shiga.

Yanzu ba a jarrabawa ranar kasuwa a makarantata. Wanda bai zo ba, malami ya rubuta "bai zo ba" da haruffa, a sake ba shi rana. In kai ma za ka raba sakamako rukuni-rukuni, raba, akwai amfani, amma kada maki su fita ofishinka sai ka ɗora su kan rajista, ka kuma nuna wa malamin da ya san yaran da fuska.

Yawancinsu sun dawo kafin ƙarshen zangon. Wani yaro ɗan aji biyar, mai rubutu kamar na ɗab'i, ya riga ya bi yayyensa kudu da shanu. Sunansa na nan a rajista, na kasa ja masa layi.