Ceton dabbobi bayan ambaliyar Maiduguri: aikin da ke biyo bayan fitowa daga ruwa

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwan kogin Ngadda ya shiga Maiduguri cikin dare, ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori, ya kai har Kasuwar Monday da fadar Shehu. Rabon garin da ganin irin wannan tun 1994. Ina cikin ma'aikatan lafiyar dabbobi da suka yi aikin sa-kai a lokacin, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa dabbobin da muka rasa bayan an fito da su sun fi ba ni takaici, domin yawancinsu ba ruwa ne ya kashe su ba. Sanyi ne, da gurɓataccen ruwan sha, da abincin da aka ba su cikin tausayi amma ba bisa ƙa'ida ba, da cuɗanya da marasa lafiya.

Kafin a kai ga nan, akwai maganar turke. Akuya da tunkiya da saniya duk suna iyo. Mushen da muka fi tararwa a cikin gidaje na ɗaure ne, igiya ta riƙe su ruwa ya haura kansu. Wanda zai gudu ya bar gida, in ba zai iya tafiya da dabbobinsa ba, to ya kwance su, ya buɗe ƙofar garke da ta akurki. Dabbar da ta ɓata ana iya nemanta.

Mutane kuma suna komawa cikin ruwa saboda dabbobinsu, ko an hana su. A Amurka ma haka aka gani lokacin guguwar Katrina a 2005, inda wasu suka ƙi barin gidajensu a New Orleans don an ce ba za a ɗauki karnuka da kyanwowinsu ba, har a 2006 aka yi dokar da ta sa dole tsarin kwashe jama'a ya yi tanadin dabbobin gida. A wajenmu abin ya fi haka nauyi. Tsohuwar da ke ce maka "Likita, awakin nan su ne jarin marayun da ke hannuna" ba za ta zauna a sansani hankali kwance ba sai ta san inda suke.

Shiga ruwan yana da nasa sharuɗɗa. Ba a shiga mutum ɗaya, kuma kowa da doguwar sanda yana dogarawa gabansa, domin ƙarƙashin ruwan akwai lambatu, da rijiyoyi marasa murfi, da ramukan masai da suka rufta. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. Dogon takalmin roba yana da amfani a taɓo, amma a ruwa mai zurfi cika yake yi ya ja mutum ƙasa, gara takalmi mai igiya. A kula da wayoyin lantarki da suka faɗo. A Maiduguri an sami ƙarin matsala, gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya nutse, hukumar gidan ta sanar cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin sun mutu, kuma ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin gari. Ko ba gidan namun daji, macizai suna hawa duk inda ya bushe, wato daidai inda dabbobi suka fake. Kada a tura hannu cikin tulin harawa ko bayan buhuna sai an bubbuga da sanda.

A kwalekwale ba ma ɗaure ƙafafun akuya ko tunkiya, don in ya kife shi ke nan. Kwantar da ita ake yi a tsakiya, mutum ɗaya ya dafe ta. Saniya ba ta shiga kwalekwale. Ragama ake sa mata, a ja ta tana iyo a gefe, mai riƙon yana kula hancinta na sama. Igiyar a hannu take, ba a naɗe ta a wuyan hannu, ba a ɗaure ta jikin jirgi. Wadda ta kafe a laka kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaura mata igiya a wuya ko ƙaho a ja da mota. Wuyan ke karyewa, ko ƙugu ya goce. Laka tsotse ƙafa take yi, don haka sai an haƙe gefen kowace ƙafa, an zuba ruwa ya sassauta, an shimfiɗa katako, sannan a zagaya ƙirjinta da faffaɗan ɗamara ta bayan ƙafafun gaba, mutane su ja a hankali.

Karen da ya kwana biyu a kan katanga yana cizon mai shi ma. Muna yi masa takunkumi da tsumma ko bandeji: a zagaya baki, a ƙulla ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ɗaure. Ban da wanda ke amai ko numfashi da ƙyar, shi bargo ake lulluɓa masa. Kyanwa da zane mai kauri ake kama ta a sa ta a kwali mai huji, ba a rungume ta a kan ruwa. Duk wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurar ciwon haukan kare. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi.

Da an kai tudu, wanka ne farko. Ruwan ambaliya na gari ya haɗa da na masai, da baƙin mai, da fetur, da maganin feshi daga shaguna, kuma dabba za ta lashe jikinta. A wanke ta da sabulu da ruwa mai tsabta, a bi tsakanin kofato da ƙarƙashin wutsiya. In mai ne ya manne a gashi, sabulun wanke kwanuka na ruwa yana cire shi. Kada a goge da kananzir, ƙona fata yake yi. Sai a tsane ta da buhun algarara ko tsumma, a sa ta inda iska ba ta bugawa, a kan busasshiyar ciyawa.

Ma'aunin zafi shi ne kayan aikin da ya fi mana amfani, ta dubura ake aunawa. Lafiyayyar saniya tana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya, akuya da tunkiya 38.5 zuwa 40, kare da kyanwa 38 zuwa 39, doki 37.5 zuwa 38.5. Ɗan akuyar da ya sauka ƙasa da 37 sanyi ya kama shi. Za ka ji cikin bakinsa da sanyi, in ka sa masa yatsa ba ya tsotsa. Irin wannan ba a ɗura masa komai. Mai shi zai so ya ba shi madara ko kunu, amma maƙogwaron ba ya haɗiya, abin huhu yake wucewa, bayan kwana biyu ciwon huhu ya kashe shi. Ɗumama shi ake fara yi: a cika gorar roba da ruwan ɗumi, a naɗe da tsumma, a jingina a cikinsa, a rufe shi. Sai ya ɗaga kai ya fara tsotsa sannan a ba shi nono kaɗan-kaɗan. Kaji ma haka, jiƙaƙƙiyar kaza sanyi ke gamawa da ita. 'Yan tsaki na makon farko suna buƙatar zafi kusan digiri 32 zuwa 35. In da gawayi za a ɗumama su, a bar kafar iska, don hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kashe kaji da masu gadinsu.

Ruwan sha shi ne ya fi cin ƙarfinmu. Babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 50 a yini, akuya ko tunkiya lita 4 zuwa 6, kaji masu ƙwai guda 100 kusan lita 25. In ba a kawo musu ba, na kududdufi za su sha. Rijiyar da ruwa ya haura bakinta ba a amfani da ita sai an yashe an zuba sinadarin kulorin. Ruwa mai duhu muna fara kwantar da shi da alif, mu tace da farin ƙyalle, sannan mu sa ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 guda ɗaya a jarka mai lita 20, a jira minti 30. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwan da ke da laka, shi ya sa tacewar take gaba.

Mai zawo kuwa, a ja fatar wuyanta a saki. In ta daɗe ba ta koma ba, ido ya faɗa, ruwan jikinta ya ƙare. Haɗin gishiri da sukari na mutane yana yi wa manya: lita ɗaya na ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Amma ɗan maraƙi da ɗan akuya masu shan nono cikinsu ba ya narkar da sukarin shayi, zawon yake ƙarawa. Su gulukos ake sa musu, kuma ba a yanke musu nonon uwa.

A nan ne zan daɗe, domin a abinci aka fi yin asara. Dabbar da ta kwana uku ba ta ci ba, ƙwayoyin halittar da ke narkar da abinci a tumbinta sun ragu. Mai ita ya ga ta rame, ya cika mata kwano da dusa ko tsakin masara, ko ya juye mata ragowar shinkafar da aka raba a sansani. Hatsin yana tsami a tumbi, cikin awa 12 zuwa kwana ɗaya sai ka ga ta daina tuƙa, ciki ya kumbura ta hagu, tana cizon haƙora, ga zawo mai warin tsami, daga nan ta kwanta. Ƙa'idarmu ita ce kwana biyu zuwa uku na farko busasshen abinci kawai: harawar wake ko ta gyaɗa, busasshiyar ciyawa, karan dawa. Akuya mai kilo 25 ba ta buƙatar abin da ya wuce kusan kashi uku cikin huɗu na kilo a yini. Daga nan a fara dusa da tafin hannu ɗaya, a riƙa ƙarawa har kwana 7 zuwa 10 kafin a koma yadda aka saba.

Abincin da ruwa ya taɓa ba a shanya shi a ba su. Na san zafin zubar da buhun dusa ko na abincin kaji a irin wannan lokaci, amma da ya yi fumfuna ya riga ya tara dafin da ke lalata hanta, kuma rana ba ta kashe dafin. Kaji da agwagi su suka fi saurin mutuwa da shi, a saniya kuma yana fita ta nono ya kai ga yara. Jiƙaƙƙiyar harawa in aka tara ta zafi take ɗauka har ta iya kamawa da wuta. Gyauron dawa da ke tsirowa bayan ruwa ya janye shi ma yana da guba yana ƙarami. Sannan leda: ambaliya tana baza ta ko'ina, akuya mai yunwa kuma ba ta barinta.

Kare da kyanwa da suka sha yunwa ana fara su da kashi ɗaya cikin huɗu na abincin da suka saba, a raba sau huɗu a yini, a ƙara a hankali. Kyanwar da ta wuce kwana uku ba ta ci ba tana buƙatar likita, hantarta na cikin haɗari. Kada a ba ta farasitamol ko kaɗan, kashe ta yake yi. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen kuma suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda.

Raunukan da muka fi gani yankan kwanon rufi ne da ƙusa. A wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali biyu a lita ɗaya na tafasasshen ruwa, a shafa aidin, a duba kullum saboda tsutsa. Baƙin mai ba magani ba ne. Doki da jaki in sun ji rauni mai zurfi a yi musu allurar kariya daga sandarewar jiki a ranar, su ne suka fi kamuwa. Tsayuwa a ruwa tana tausasa kofato ya ruɓe, ka ga tunkiya tana kiwo a durƙushe, tsakanin kofaton yana ɗoyi. Muna narkar da kilo ɗaya na sinadarin zink salfet a lita 10 na ruwa, a tsayar da ita ciki minti 10 zuwa 15, sannan a mayar da ita busasshen wuri. In za ta koma cikin caɓi, aikin banza aka yi, don haka tudun yashi ko dandamalin katako yana gaba da magani.

Tari da majina da zazzaɓi sukan bayyana cikin makon farko. Allurar oksitetrasaikilin mai dogon aiki, mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, mililita ɗaya ce ga kowane kilo 10, cikin tsoka, kuma ba a wuce mililita 5 a wuri ɗaya a jikin akuya ko tunkiya. Ba a yi wa doki ita a tsoka. A karanta kwalbar a ga kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Abin da allurar ba za ta yi ba shi ne maganin annobar PPR, mai zuwa wa awaki da tumaki da majina, kwantsa, gyambon baki da zawo, kwana 4 zuwa 6 bayan sun haɗu da mai ita. Tara dabbobin unguwa goma a fili ɗaya shi ke kawo ta. Mun riƙa raba su gida-gida gwargwadon iko, kowane rukuni da kwanon ruwansa, masu majina can nesa ta inda iska ke tafiya. Riga-kafinta da na farin kashin kaji, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, masu lafiya ake yi wa bayan sun huta, ba waɗanda suka riga suka kwanta ba.

Ambaliya tana tono ƙwayoyin ciwon saifa da na harbin dawa da suka shekara a ƙasa. Saniyar da ta faɗi ta mutu ba ciwo, baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a cire fatarta, ba a ja ta a ƙasa. A kira likitan dabbobi, a ƙona ta ko a binne a rami mai zurfin mita biyu nesa da rijiya. Wannan alamar ciwon saifa ce, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Suleja a 2023, kuma yana kama mutane.

Kowace dabba muka karɓa sai mun ɗauki hotonta, mun rubuta unguwar da aka same ta, launinta, da shaidar da ke kunne ko cinya. Mai nema shi zai fara faɗin kamanninta kafin a nuna masa, kuma a gaban bulama ko lawani ake miƙa ta. In ba a yi haka ba, akuya ɗaya sai ta sami masu ita uku.

Lokacin miƙawa muna gaya wa mai dabba abin da ke tafe. Fadamun da ruwa ya kwanta suna cika da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta, kuma alamarta, wato rama da kumburin ƙarƙashin haɓa da farin ido, ba ta fitowa sai bayan wata biyu zuwa huɗu. Albendazol manyan tsutsotsin kawai yake kashewa, kuma ba a ba mai ƙaramin ciki. Wanda ke kama ƙananan tun suna ratsa hanta shi ne tiriklabendazol, shi ya kamata a nema ga duk dabbar da ta yi kiwo a fadama bayan ruwa ya janye, a auna nauyinta kafin a ba ta.