Garkida, shekara 100 bayan sujadar gindin tsamiya

Daren jiya na iso Kano, har yanzu ƙurar hanyar Biu ba ta bar gyalena ba. Garkida na je, garin mahaifiyata, domin ranar Juma'a 17 ga Maris 2023 Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta cika shekara 100. A rana irin wannan a 1923 Stover Kulp da Albert Helser, masu bishara daga Amurka, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a garin.

Tafiya cikin ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 sai mai niyya. A tashar Gombe mai POS ya cire naira 2,000 kafin ya miƙo mini 10,000, wai ma ya tausaya mini ne. A Sabon Gari muna ƙorafi a kan abin da bai kai haka ba. Bayan mun wuce Biu kuma, a wani shinge, wani jami'i ya zazzage jakata a ƙasa, ya ga kayan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ekklesiya, ya ce, "Ke, tun daga Kano don waƙa kawai?" Yaron da na haifi kamarsa! Direbanmu, dattijo Musulmi, shi ya durƙusa ya tattara mini kayan, ya ce masa, "Yallaɓai, uwa ce fa."

Na sauka gidan wata tsohuwa da suka yi makaranta da mahaifiyata. Ta yi mako uku ba ta riƙe ko naira 200 ba, amma ta yanka mini kaza, ta tuƙa tuwon dawa, ta bar mini gadonta. Da na ciro kuɗi sai ta ɓata rai. A Kano baƙo kan kwana uku ba a san ya iso unguwa ba; a nan kafin in wanke hannu mata biyar sun shigo gaisuwa, suna yi da Bura ina amsawa da Hausa.

Da dare ta ba ni labarin Fabrairun 2020, ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Garkida suka ƙone majami'u da gidaje, ita da jikokinta suka kwana a daji. Ta tuna 2014, lokacin da aka ƙwace hedikwatar ekklesiya a Kwarhi, da 'yan matan Chibok waɗanda yawancinsu 'ya'yan wannan ekklesiya ne. Raina ya ɓaci, na ce, "Mama, waɗannan shekarun ai ba na godiya ba ne." Ta dube ni ta ce, "'Yata, in kin cire su ɗarin ba za ta cika ba. Su ma Ubangiji ne ya ba mu, kuma ga mu."

Da maganar nan na shiga sujada washegari. Aka karanta Zabura 90, mata suka ɗauki tulu da kacau-kacau, na ga tsofaffin da aka kashe wa 'ya'ya suna rawa zuwa wurin baiko, wato sadakar da ake bayarwa a majami'a, wata da kwanon gyaɗa, wata da zakara a hammata, tunda kuɗi babu. Ni da ba a taɓa ƙone mini ko tabarma ba, na daɗe ina yi wa Allah lissafin abin da bai ba ni ba. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

Asabar zaɓen gwamnoni, babu mota, na ƙara kwana. Lahadi bayan sujada muka kama hanya. Gyaɗa ta fi arha a Biu, na auno tiya biyu. Na kwana Gombe. Sai da na buɗe jaka a gida na ga Mama ta mayar mini da kuɗina, a ƙulle cikin ledar kuka.