Allon talabijin da muryar da ke ɓacewa a tsakiya

Sau da yawa mutum zai kira ni gidansa yana ƙorafi, wai sifikun da ya saya ba su da kirki, muryar mawaƙi ta watse. Ina shiga falo, tun ban taɓa waya ko ɗaya ba, idona kan talabijin yake sauka: ƙaton allo mai inci 65, an matse sifiku biyu a gefensa, fuskarsu daidai da gilashin. Nan ɓarawon yake.

Gilashi ba ya shan sauti, mayar da shi yake yi. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wanda ya bugi allo ya dawo, in hanyarsa ta ƙaru da santimita 34 kacal, zai iso a makare da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kunne ba ya jin wannan kamar amsa-kuwwa. Gauraya shi yake yi da sautin da ya zo kai tsaye daga sifika, sai wasu sautukan su cinye juna, muryar da ya kamata ta tsaya cak a tsakiya ta yi hazo.

A wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, na koyi wannan, zamanin talabijin mai ƙaton baya, wadda maganaɗisun sifika kan ɓata wa launi in an kusanta su. Wata rana ya zaunar da ni, ya ce, "Yaro, rufe idonka." Ya sa waƙa, ya lallaɓa ya yafa wa allon bargo mai kauri. Sai na ji mawaƙin ya tattaro wuri guda, kamar in miƙa hannu in taɓa shi. Ya yaye bargon, muryar ta sake bajewa. Har gobe da bargo nake fara gwaji.

Sauran aikin na tef ɗin awo ne da haƙuri. Nakan jawo sifikun gaba har fuskarsu ta wuce allon da taƙi ɗaya ko biyu, domin siririn sauti gaba ya fi nufa. Tazarar da ke tsakaninsu sai ta zo daidai da tazarar kowannensu zuwa kujera, sannan in ɗan karkato su wajen mai sauraro, kaɗan-kaɗan, ina komawa ina zama ina ji. In da hali, talabijin ta koma jikin bango. Teburin gilashi na tsakar falo ma ba na ƙyale shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwaikwayo, masu manna siririn soso ko kwalin ƙwai a bango su ce sun gyara ɗaki. Kwalin ƙwai bai taɓa gyara komai ba! Ni kuwa da ba na manna komai, daga baya sai mai gida ya zo yana ja-in-ja da ni, wai ai matsar da sifika kawai na yi. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, zauna nan," in mayar da su inda na same su, in sake sa masa waƙar.