Tumatirin Auta

Talata, bayan isha'i.

Ruwan pampo ya zo ƙarfe 3 na dare, ya ɗauke tun ba a yi kiran assalatu ba. Bido huɗu na samu da rabin tuku. Ina sallame sallar asuba na shiga garka da arozuwar, butar ban ruwa, don a watan Mayun nan in ƙarfe 9 ta yi, ƙasar Tawa ba ta takuwa ba takalmi. Jiya wayata zafi digiri 44 ta nuna.

Ina tsugune gindin tumatir sai ga Inna da butarta. Ta daɗe tsaye a kaina, sannan ta ce, "Ke ɗiyata, mi kike yi nan?" Na ce ban ruwa nake, Inna. Ta ce, "Wanga ai gawa kike ba ruwa. Tun da ɗari ya wuce ya gama aikinshi. Tuge shi ki huta."

Dariya na yi, amma har yanzu maganar na ci na, don gaskiya ta faɗa. Tun ƙarshen Maris ban tsinki ɗa ko guda ba. Fure zai fito gwanin kyau, kwana biyu ya bushe ya zube, zafi in ya kai haka furen tumatir ba ya kama ɗa. Ganyen ƙasa duk ya nannaɗe, in ka juya bayansa ga wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari sun yi saƙa kamar ta gizo. Ba abin da ban yi ba. Na kafa masa rumfa da tsohon buhu. Na shimfiɗa karan hatsi a gindi don ƙasa ta riƙe laima, gara ta zo ta mai da shi abincinta, na bi da toka. Na jiƙa ganyen dogon yaro na yayyafa. Bido guda kullum a kan gindi shida, ranar da pampo ya ƙi kuwa sai na tare ga-ruwa da kuɗin cefane. Malam bai san wannan ba, ku ma kada in ji.

Abin da ban iya gaya wa Inna ba, Auta ce ta rene su a gwangwanin madara, ta dasa su a Nuwamba ana jibi za ta koma makaranta Yamai. Har yau ba mu taɓa gama waya ba ta tambaye su ba. "Mama, ina ƴaƴana?" Ni kuma in ce suna nan lafiya lau. Wata biyu ke nan ina wannan ƙarya.

Salati da karas dai tuni an manta da su. Malam ya sayo buhun albasar Galmi tun tana araha, mun baza ta a inuwar zaure, gidan duk wari. Kawu ya zo da hantsi ya sare kan zogale daidai ƙugu, wai ruwa na sauka zai yi rassa. Ya tafi da mangwaro cike da aljihu, ko tayi ba a yi masa ba.

Irin kuɓewa, yakuwa da rama suna ƙulle a tsumma. Malam binne yake so a yi, wato a shuka kafin ruwa ya sauka, na ce a'a, sai ruwa na biyu ya sauka a Yuni. Bara ruwan fari ya yaudare mu, shuka ta fito ta ƙone a idonmu. Sai dai duk garkar nan, wurin da ya sha takin awaki har ya dace da kuɓewa, nan ne tumatirin yake. Inna ta sani, ni ma na sani.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas har yara sun fara ihu. Ƙura ce kawai. Ta yaye rumfar buhun ta jefa gidan maƙwabta, ban ma aika a karɓo ba.

Auta ta kira sau biyu bayan magariba, na bar wayar tana ta kuka a kan tabarma. Inna ta jingine mini fartanya a bakin garka, ban taɓa ta ba. Na dai ɓoye rabin bido bayan turmi.