Yadda na ƙera wa tsohuwar kwamfutata mai kula da tagogi

Kwamfutar da na gada a hannun yayana RAM ɗinta giga 2 ne kacal. Idan na kunna ta da babban muhallin aiki irin GNOME, kafin in buɗe burauza fanka ta fara huci. Na san da muhallai marasa nauyi irin Xfce, na kuma san da LXDE, wanda Hong Jen Yee ya fara a Taiwan a 2006 saboda injina marasa ƙarfi, kuma ko wanne zai biya mini buƙata. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban san ainihin me ke cinye ƙwaƙwalwar ba. Sai na ƙudurta zan rubuta nawa mai kula da tagogi, wato manhajar da ke tsara tagogin da ke buɗewa a allo, da yaren C, in ga da idona inda nauyin yake.

Abin da na fara ganowa ya ba ni mamaki. A tsarin X, wato tsarin da ke nuna tagogi a allo, wanda aka haifa a jami'ar MIT a 1984 kuma sigarsa ta 11 ta fito a 1987, mai kula da tagogi manhaja ce kamar kowace. Bambancinta ɗaya ne: tana zuwa wurin uwar taga, wadda ta mamaye allon duka, ta ce duk wanda zai buɗe taga ko ya sauya girmanta a fara tuntuɓar ta. Sunan wannan roƙo SubstructureRedirectMask, kuma manhaja ɗaya tak ake ba wa. Ta biyu sai dai ta kwashi saƙon kuskure na BadAccess. Daga nan aikinka zaman jiran saƙo ne. MapRequest ya zo, wata taga na neman fitowa. ConfigureRequest ya zo, tana son wuri ko girma. DestroyNotify ya zo, ta tafi. Na karanta lambar wasu ƙananan masu kula da tagogi: TinyWM, wanda bai fi layi hamsin da wani abu ba, sannan dwm na mutanen ƙungiyar suckless da suka ɗaure kansu da kada ya wuce layi 2,000. Cikin mako guda tagogina suna motsi, suna jeruwa gefe da gefe, na ɗauka na gama.

Ashe ko rabi ban yi ba. Darasin farko na same shi ne ranar da nake gwaji a kan zaman aikina na gaske. Manhajar ta faɗi, kuma da yake ita ce ta ƙarshe a fayil ɗin .xinitrc, mai jera manhajojin da ke tashi tare da X, duk abin da ke buɗe ya tafi tare da ita. Tun daga ranar a cikin Xephyr nake gwaji, wato ƙaramar sabar X da ke zaune a cikin taga, in ta mutu ita kaɗai ta mutu. Dalilin faɗuwar ma abin lura ne: taga kan iya ɓacewa tsakanin lokacin da aka sanar da kai zuwanta da lokacin da ka ba ta umarni. Sai sabar ta maido da kuskuren BadWindow, Xlib kuwa, wato laburaren da manhaja ke magana da X ta cikinsa, ɗabi'arsa ta asali ita ce ya kashe manhajarka nan take. Dole ka rubuta naka mai karɓar kuskure, wanda zai kau da kai ga irin wannan.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne batun rufe taga. Da XKillClient nake rufewa, saboda sauƙi. Wata rana na rufe LibreOffice da rubutun da ban adana ba, bai ko tambaye ni ba, don ban ba shi damar tambaya ba. Hanyar da ta dace tana rubuce a kundin ICCCM na ƙa'idojin mu'amala tsakanin manhajojin X: ka duba ko tagar ta sanar da WM_DELETE_WINDOW, ka aika mata saƙo, ka bar ta ta yi sallama da kanta. A nan na fahimci cewa yawancin aikin cika alkawura ne da aka ƙulla tun kafin in zo. Ƙaramar tagar tambaya tana ɗauke da WM_TRANSIENT_FOR, ba a cusa ta cikin jeri, a saman uwarta ake ajiye ta. Jerin zaɓi da ke saukowa yana da alamar override_redirect, ba ruwanka da shi ko kaɗan. Bidiyo ba zai cika allo ba sai ka amsa _NET_WM_STATE_FULLSCREEN na kundin EWMH, wanda ya ƙara ƙa'idoji a kan na ICCCM. Kwana biyu na ɓata ina neman dalilin da gajerun maɓallaina ke daina aiki, ashe NumLock ne a kunne, kuma XGrabKey, umarnin kama maɓalli, yana lissafa shi cikin maɓallan da aka danna. Sai ka kama kowane maɓalli sau huɗu: shi kaɗai, da NumLock, da CapsLock, da su biyun.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. Na buɗe fayil mai suna "ƙididdigar ɗalibai", sai sandar sama, inda sunan taga ke fitowa, ta nuna mini tarkace a gurbin ƙ da ɗ. Ina karanta tsohon WM_NAME ne, ina kuma zana shi da tsofaffin haruffan X. Na koma karanta _NET_WM_NAME, wanda yake a tsarin UTF-8 mai ɗaukar irin waɗannan haruffa, na koma zane da laburaren Xft da haruffan DejaVu Sans. Wannan ya ƙara wa manhajar nauyi kaɗan, kuma ban yi jinkirin karɓarsa ba. Allon da ba zai iya rubuta ɓ da ƙ da ɗ ba, ba ni da amfani da sauƙinsa. Na kuma ɗaura maɓalli guda da ke sauya kibod zuwa tsarin Hausa da XKB, sashen kibod na X, ke da shi a ƙarƙashin Najeriya.

Sai na miƙa wa ƙanwata kwamfutar ta buga aikin makaranta, na zauna gefe ina kallo. Ta soka filash, ta jira, ba abin da ya fito. Ta juyo ta ce, "Yaya, ina ake ganin filash ɗin? Kuma ta yaya zan san caji ya kusa ƙarewa?" Tagogin da ke jeruwa da kansu, waɗanda nake alfahari da su, rikita ta suka yi, tana ta neman alamar rufewa a kusurwa. A wannan yammacin na ga tazarar da ke tsakanin mai kula da tagogi da cikakken muhallin aiki. Batir ya zo da sauƙi, ana karanta shi daga /sys/class/power_supply. Da farko ina duba shi duk daƙiƙa, wanda ke hana injin hutawa, sai na mayar da shi duk rabin minti, ina jiran saƙonnin X a tsakani da umarnin poll, wanda ke barin manhaja ta yi barci har saƙo ya zo. Jerin manhajoji na gina shi daga fayilolin .desktop da ke /usr/share/applications, na kuma ji daɗin ganin tsarin ya yarda a ƙara layin Name[ha] don sunan Hausa. Filash kuwa ya ja ni zuwa wasu sassan tsarin, wato udisks da D-Bus da polkit, intanet ya ja ni zuwa NetworkManager. A nan na tsaya. Na ɗauki PCManFM don fayiloli, na ɗauki nm-applet don waya-fai, na rubuta musu ɗan wurin zama a sandar da yarjejeniyar XEmbed ta dasa tagar wata manhaja cikin wata, wadda ita ce mafi wahalar abin da na rubuta a aikin duka.

Da na auna ƙwaƙwalwa a ƙarshe, manhajata mega kaɗan take ci. Firefox da shafuka biyar ya ninka ta sau da yawa. Rarar da na samu ta fito ne daga abubuwan da ban kunna ba: mai bin fayiloli yana jera su a bayan fage, mai zana inuwa da walƙiyar tagogi, da ma'aikatan ɓoye da ke jiran abin da ba na amfani da shi. Da na san haka tun farko, da Openbox, wani shiryayyen mai kula da tagogi mara nauyi, da gyara kaɗan ya kai ni kusa da wurin, amma da ban san dalilin ba.

Abokai na ce mini in koma Wayland, tsarin da ke maye gurbin X, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. A can mai kula da tagogi shi ne sabar da kansa, shi ke zana allo, shi ke karɓar kibod da maus, ko da laburaren wlroots na ɗauke rabin kayan. Zan je, amma ba yanzu ba. Na mayar da tagogi masu yawo su zama na asali, na sa musu alamar rufewa a kusurwar dama, jerin kai-da-kai ya koma bayan maɓalli don ni kaɗai. Ƙanwata ta gama buga aikinta a kanta. Jiya ta haɗa majigi don gwajin gabatarwa, duk tagogin suka taru a allo ɗaya, don haka wannan makon ina kan karatun XRandR, sashen X mai tsara allo fiye da ɗaya.